Gadon Metodis a Ƙasar Yauri: Tarihin Ƙananan Ikilisiyoyi da Hanyar Farfaɗowarsu

Ƙasar Yauri, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, ƙasa ce da Musulmi suka fi rinjaye a cikinta, mai tsohuwar sarauta wadda ta daɗe a Birnin Yauri kafin a mayar da fada Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19, amma tare da haka akwai Kiristoci 'yan ƙasa a garuruwanta da ƙauyukanta da tungayen da ke bakin Tafkin Kainji, waɗanda suke sujada da Hausa ranar Lahadi a ƙananan gine-gine na laka ko na bulo. Jama'ar masu bi da take taruwa wuri ɗaya ita ake kira ikilisiya, ginin da take taruwa a ciki kuma majami'a ko coci. Daga cikin mafiya daɗewa a wannan yanki akwai ikilisiyoyin ɗariƙar United Missionary Church of Africa, ko UMCA a taƙaice, wadda ba ta ɗauke da sunan Metodis a allon ƙofarta, amma babban kaso na koyarwarta da tsarin tarbiyyarta ya gangaro ne daga farkawar addini da John Wesley ya jagoranta a Ingila a ƙarni na 18. Wanda yake son ya gane abin da ya kafa waɗannan ikilisiyoyi, da abin da ya raunana su daga baya, da kuma abin da zai iya tayar da su, dole ne ya fara daga can, domin maganin da suke nema yau yana cikin tsarin da aka haife su da shi.

An haifi John Wesley a shekarar 1703, ya rasu a 1791, kuma har ƙarshen ransa limami ne a cocin Ingila, wato Angalikan, bai taɓa nufin ya kafa sabuwar ɗariƙa ba. Shi da ƙanensa Charles sun tara 'yan uwansu ɗalibai a Jami'ar Oxford don karatun Littafi Mai Tsarki da azumi da ziyarar fursunoni bisa ƙayyadadden tsari, kuma saboda wannan bin tsari ne aka laƙaba musu sunan Metodis. A ranar 24 ga Mayu, 1738, a wani taron addu'a a birnin Landan, Wesley ya sami tabbacin gafarar zunubansa a zuciyarsa, abin da mabiyansa suke ɗauka mafarin farkawar, kuma daga 1739 ya fara wa'azi a fili, a wajen birnin Bristol, ga masu haƙar kwal da leburori waɗanda manyan majami'u ba su damu da su ba. Charles ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000, ta yadda talakan da bai iya karatu ba yake haddace koyarwar addininsa ta hanyar rera ta.

Sai dai wa'azi da waƙa ba su ne suka sa tafiyar ta ɗore ba, domin masu wa'azi da suka fi Wesley zaƙin baki sun yi zamani da shi, taronsu ya watse bayan mutuwarsu. Abin da ya riƙe Metodis shi ne aji. A shekarar 1742 jama'ar Bristol suna fama da bashin ginin ɗakin taronsu, sai aka yanke shawarar raba masu bi ƙungiya-ƙungiya, kowace mai kimanin mutum 12, a naɗa mata shugaba daga cikinsu wanda zai riƙa karɓar kwabo ɗaya daga hannun kowa duk mako. Ba a daɗe ba aka lura cewa mai karɓar kwabon nan ya fi kowa sanin wanda yake kwance ba lafiya, da wanda ya koma shan giya, da wanda yake rikici da matarsa, da wanda yunwa ta kama, don haka aka mayar da ajin wurin haɗuwa na mako-mako inda kowa yake faɗin halin da ruhunsa yake ciki, a yi masa nasiha, a yi addu'a tare, a tallafa masa in yana cikin ƙunci. Ana ba kowane ɗan aji takardar shaida wadda ake sabuntawa duk bayan wata 3, wanda ya yi watsi da aji kuwa ba a sabunta masa. Tare da aji aka samar da mai wa'azi na gida, wato manomi ko maƙeri ko mai sana'a wanda ba limami ba ne amma an yarda ya yi wa'azi a garinsa, sannan aka ɗaure garuruwa da yawa a kewaye ɗaya wanda limami guda yake zagayawa a kan doki. Da wannan tsari ƙauyen da limami ba ya leƙawa sai sau ɗaya a wata yake ci gaba da sujadarsa ba tare da fashi ba.

Ɗariƙar Metodis ta shigo ƙasar da ta zama Nijeriya a watan Satumba na 1842, lokacin da Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagiri bisa kiran 'yantattun bayi da suka komo daga Saliyo, kuma daga nan ta bazu a ƙasar Yarbawa, yayin da wani reshenta ya shiga ta gabas har ya kai ƙasar Idoma a shekarun 1920. An yi yunƙurin haurowa arewa tun da wuri ta hannun William Allakura Sharpe, Babarbare wanda aka sayar bawa yana yaro, ya sami 'yanci, ya zama limamin Metodis, ya zauna a ƙasar Nufe da burin isa Borno, amma aikin bai yi nisa ba bayan rasuwarsa a shekarun 1880. Sunan Metodis bai sake bayyana sosai a arewa ba sai da layin dogo ya isa Kano a 1911, inda akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga kudu da Saliyo da Gana suka gina majami'unsu a Sabon Garin Kano da na Zariya da Kaduna da Jos, suna sujada da Yarbanci ko Turanci. Waɗannan ikilisiyoyin baƙi ne, masu bin albashi da canjin wurin aiki, kuma da wuya suka tsallaka zuwa ƙauyukan da ke kewaye da su. Layin dogo bai bi ta Yauri ba, saboda haka gadon Wesley ya iso ta wata hanyar dabam, wadda ta fi tsawo kuma ba kowa ya san ta ba.

Hanyar da ta bi ta Kanada da ƙasar Nufe

A Kanada da Amurka akwai wata tsohuwar jama'ar Kirista manoma da ake kira Menonayit, waɗanda asalinsu ya koma ƙarni na 16 a Turai, an san su da ƙin ɗaukar makami, da sauƙin rayuwa, da ƙin yi wa jarirai baftisma, wato wankan shiga addini, sai mutum ya girma ya nema da bakinsa. A tsakiyar ƙarni na 19 farkawar Metodis ta ratsa yankunansu, wasu malamansu, musamman Solomon Eby a Ontariyo da Daniel Brenneman a Indiyana, suka fara shirya tarurrukan addu'a a gidaje, da tarurrukan farkawa na dare da dare, suna barin maza da mata su tashi su ba da shaidar tubarsu a gaban jama'a. Dattawan jama'ar suka ga wannan baƙon abu ne, aka fitar da su a shekarun 1870, su kuma suka haɗu da wasu ƙananan ƙungiyoyi irinsu a 1883 suka zama ɗariƙa ɗaya mai suna Mennonite Brethren in Christ. Sun riƙe baftismar manya daga iyayensu, amma koyarwar tsarkin rayuwa bayan tuba, da tarurrukan farkawa, da tsarin babban taro na shekara-shekara mai rarraba ma'aikata, da ba mata damar wa'azi, duk daga gidan Wesley suka ɗebo su.

Ɗan wannan ɗariƙa ne Alexander Banfield, mutumin Kanada, wanda ya zo ƙasar Nufe a farkon ƙarni na 20 cikin ayarin da ya kafa tashar mishan a Patigi, sa'an nan ya koma gida ya dawo a 1905 da sunan ɗariƙarsa ya buɗe tasha a Tsonga, a bakin Kogin Kwara. Banfield ya ƙware a Nufanci har ya rubuta ƙamus ɗinsa, ya kafa maɗaba'a, ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen, kuma wannan ɗabi'a ta fara koyon harshen mutane kafin a yi musu magana ita ce mafi kyawun abin da ya bari. Ƙungiyar mishan ta ɗariƙar, wadda aka tsara a 1921 da sunan United Missionary Society, ko UMS a taƙaice, ta bi kwarin kogin ta hauro, daga Jebba da Mokwa zuwa Salka cikin Kambari a 1923, da Zuru cikin Dakarkari a 1925, sa'an nan Yelwa a shekarun 1930, daga baya kuma Tungan Magajiya, inda aka gina asibiti da makarantar horar da ma'aikatan ikilisiya da Hausa.

Jinkirin isowa Yelwa yana da dalili. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, kuma jami'an da suka biyo bayansa sun fassara alkawarin da hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi sai da yardar sarki da ta Razdan, yayin da aka bar musu yankunan masu addinin gargajiya. Yauri masarauta ce ta Musulmi a sama, amma talakawanta da yawa a wancan lokaci, Kambari da Gungawa da Dukkawa da Shangawa da Lopawa, suna kan addinin kakanninsu, saboda haka ta faɗa tsakanin dokokin biyu. Ga kuma tabon tarihi, domin Kambari sun sha hare-haren kamun bayi daga Kontagora a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim har zuwa 1901, abin da ya koya musu janye jiki daga duk baƙon da ya zo da magana mai daɗi. Shi ya sa shekarun farko na aikin suka yi nauyi ƙwarai, aka daɗe ana shuka kafin a ga tsiro. Daga baya, a shekarun 1950, limaman Katolika na ƙungiyar Dominikan daga Amurka su ma suka zauna a Yelwa, kuma yankin yau yana ƙarƙashin dayosis ɗin Kontagora, wato gundumar bishop ɗinsu.

Yadda ƙaramar ikilisiya take kafuwa a irin wannan ƙasa bai bambanta da juna sosai ba daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma Bature ba shi ne jigon labarin ba, ko da yake sunansa ne ya fi shiga littattafai. Yawanci saurayi ne yake zuwa tashar mishan neman maganin gyambo ko neman aikin lebura, ya koyi karatun boko da Hausa, ya koma garinsu da Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, da littafin waƙoƙi, ya fara tara yara a gindin bishiya yana koya musu baƙi da wasali. Irin wannan mutum shi ake kira mai bishara, wato mai kai labarin addini, kuma manomi ne kamar kowa, yana cin abinci daga gonarsa, ba ya jiran albashi. In masu sauraro suka yi yawa sai a kafa rumfa, rumfa ta zama ɗakin laka da jinka, a buɗe ajin masu neman baftisma inda ake gwada mutum watanni ko shekaru kafin a karɓe shi, a zaɓi dattawa masu lura da tarbiyya da kuɗin baiko, wato sadakar da ake tarawa a lokacin sujada. Fasto, wanda shi ne naɗaɗɗen limami, yakan zo jefi-jefi a kan keke don yin baftisma da ɗaurin aure da jibin Ubangiji. Duk wanda ya san tsarin Wesley zai ga mai wa'azi na gida da kewaye da aji a nan, ko da an sake musu suna. A 1955 aka tsara waɗannan ikilisiyoyi a matsayin ɗariƙa ta 'yan ƙasa mai suna United Missionary Church of Africa, wato UMCA, wadda hedikwatarta take Ilori.

Abin da ruwa ya ci, da abin da ya biyo baya

Babbar girgizar da ta sami zaman jama'a a wannan yanki ita ce madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964, ruwa ya fara taruwa a bayanta a 1968, ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 wanda ƙarshensa na arewa ya kai Yelwa. An tayar da mutane fiye da 40,000, tsohon garin Busa ya nutse, tsibirai masu yawa da Gungawa suke noman albasa da gero a kansu suka shige ƙarƙashin ruwa, aka zaunar da mazaunansu a sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti a kan tudu. Ruwan bai tambayi addinin kowa ba, ya ci masallaci da wurin tsafi da kushewar kakanni da gonar fadama baki ɗaya, amma ƙaramar jama'a ta fi jin rarrabuwa, domin gidaje goma da suke sujada tare, in aka raba su ƙauyuka uku, kowane kaso ba ya isa ya riƙe mai bishara. Masanin halayyar al'umma Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a shekarun 1970, ya bayyana yadda Gungawa da yawa suke rikiɗewa su zama Yaurawa ta hanyar ɗaukar Hausa da Musulunci da zaman gari, kuma tashin da aka yi musu ya ƙara wa wannan sauyi sauri.

Shekarun nan ne kuma suka kwashe sauran ginshiƙan da aka saba jingina da su. Rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya biyo baya sun kori Kiristocin kudu maso gabas daga garuruwan arewa, majami'un da suke cike da su suka zama wayam. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan masu yawa, Turawan mishan suka yi ta raguwa, kuɗin da yake zuwa daga waje ya tsuke. A wani ɓangare wannan alheri ne, tunda ya tilasta wa 'yan ƙasa riƙe ragamar abinsu, amma ya fallasa wani rauni da ya daɗe a ɓoye, wato cewa wasu ikilisiyoyin a jikin makaranta da ɗakin shan magani suke rataye, ranar da aka cire su sai aka ga jama'ar ba ta da wata igiya da ta ɗaure ta. Ilimin bokon da ikilisiya ta yi alfahari da bayarwa shi ne kuma ya kwashe mata 'ya'ya zuwa Kontagora da Minna da Kaduna da Abuja da Legas, aikin soja da ɗan sanda ya ɗebi nasa, haƙar zinariya a dazukan Ngaski da Yauri ta ja samari, sababbin majami'un Fentikos masu kiɗan zamani da alkawarin arziki suka ja wasu, aka bar tsofaffi da mata da ƙananan yara a kan benci.

A shekarun baya-bayan nan rashin tsaro ya zo ya ɗora nasa nauyin. A ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. Hare-hare a ƙauyukan Ngaski da Shanga da masarautar Zuru da maƙwabtan yankunan Jihar Neja sun tayar da garuruwa, Musulmi da Kirista suka gudu tare zuwa manyan garuruwa, kuma abin baƙin ciki ne cewa ƙauyen da ya tsira daga ruwa a 1968 yau bindiga ce take tayar da shi.

Akwai darasi kuma daga ɗaya gefen arewa, inda sunan Metodis yake a rubuce a kan majami'u masu sujada da Hausa. A ƙasar Muri, cikin Jihar Taraba ta yau, C. W. Guinter ya buɗe tasha a Bambur a 1923, shekarar da aka buɗe Salka, kuma ikilisiyoyin da suka fito daga nan sun zama reshen haɗaɗɗiyar ɗariƙar Metodis ta Amurka, mai hedikwata a Jalingo, wadda ta sami bishop ɗinta na farko, Done Peter Dabale, a 1992. A shekarar 2024, bayan da babban taron ɗariƙar a Amurka ya ɗage haramcin da yake kan auren jinsi ɗaya, bishop na lokacin, John Wesley Yohanna, ya fice da jama'a mai yawa zuwa wata sabuwar ɗariƙar Metodis, waɗanda suka zauna suka zaɓi Ande Emmanuel, aka shiga jayayya a kan majami'u da makarantu, har aka yi asarar rayuka. Ita ma ɗariƙar Metodis ta Nijeriya, wadda ta sami cin gashin kanta a 1962, ta rabu biyu daga tsakiyar shekarun 1970 a kan tsarin mulki da muƙamai, ba a sasanta ba sai a 1990. A duka biyun ba manomin ƙauye ne ya tayar da rigimar ba, amma shi ne ya wayi gari ba ya gaisawa da ɗan uwansa saboda takardar mallakar gini.

Inda farfaɗowa take farawa

Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna farfaɗowa da gini, a ce ikilisiya ta tashi saboda ta sauya jinka da kwano, ta sayi janareta da lasifika, ta shafa fenti kafin bikin cika shekaru. Waɗannan abubuwa suna da amfaninsu, kuma babu mai raina wahalar da talaka ya sha kafin ya tara kuɗin buhun siminti, amma tarihin da aka bi a sama yana nuna cewa gini shi ne abin da ruwa da bindiga da kotu suke iya ƙwacewa a rana ɗaya. Abin da ba a iya ƙwacewa shi ne ƙaramin taro na mutanen da suka san juna, mai shugaba daga cikinsu, wanda zai iya zama a zaure ko a inuwar mangwaro ko a ɗakin haya na ɗan gudun hijira a Yelwa. A yawancin ikilisiyoyin arewa masu Hausa, ƙungiyar da ta riƙe wannan aiki ba tare da an kira ta aji ba ita ce Zumuntar Mata, wadda take haɗuwa kowane mako, tana tara ɗan kuɗi, tana zuwa gaisuwar mara lafiya da barkar haihuwa da ta'aziyya, tana koyar da waƙa da kiɗan tulu, tana sanin gidan da tukunya ba ta hau wuta ba. Adalci ne a faɗa a fili cewa matan nan su ne suka riƙe ikilisiyoyi da yawa a shekarun da maza suka tafi ci-rani, kuma ikilisiyar da take neman tashi ya kamata ta tsara maza da matasa bisa irin wannan tsari maimakon ta jira babban taron farkawa na shekara, wanda zafinsa yake hucewa kafin baƙin masu wa'azi su isa gida.

Batun harshe ya fi wannan sarƙaƙiya. Hausa ce ta ba Bakambare da Bagunge da Badakkare damar yin sujada a ɗaki ɗaya, ita ce harshen makarantun Littafi Mai Tsarki na Salka da Tungan Magajiya, kuma sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1979 ta ƙara mata ƙarfi. Amma tsohuwar da ta tashi da Tsishingini ko Tsureshe, wato harsunan Kambarin Salka da na Gungawa, tana jin Hausar kasuwa ne, ba lalle ta bi Hausar wa'azi ba, kuma ba a son faɗa amma gaskiya ce cewa ikilisiya ta taimaka wajen raunana ƙananan harsuna kamar yadda kasuwa da makaranta suka yi. Tun shekarun 1990 aka kafa shirin raya harsunan Kambari a Salka, wanda ya tsara rubutun Tsishingini da Tsikimba da Cishingini, ya wallafa littattafan koyon karatu, ya shiga fassarar Sabon Alkawari, kuma amfaninsa bai tsaya a kan Kirista ba, tunda Bakambare Musulmi ma yana samun harshen uwarsa a rubuce. Wannan komawa ce ga hanyar Banfield. Ba a bukatar a kori Hausa daga majami'a, abin da ake bukata shi ne a ba harshen gida wuri a waƙa da addu'a da taron gida-gida, inda mutum yake faɗin abin da ke damunsa.

Dogaro da kai shi ma ba sabon abu ba ne da za a koyo daga waje. Baikon kaka, inda manomi yake kawo damin dawa ko kwanon shinkafa ko buhun albasa, masunci ya kawo bandar kifi, da gonar ikilisiya da ake nomawa da gayya, sun riƙe masu bishara tun kafin a san asusun banki, kuma 'ya'yan gari da suke aiki a birane suna iya ɗora nasu a kai muddin dattawa suna karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a, domin babu abin da yake kashe bayarwa kamar zargi. Horar da manomi ko malamin firamare ya iya wa'azi da jagorancin sujada ya fi dacewa da ƙauyen da ba zai iya biyan fasto mai digiri ba, kuma shi ne kaɗai zai zauna in hanya ta yi hatsari.

Ga mai karatu Musulmi, wanda shi ne mafi yawa a ƙasar Yauri, wannan tarihi ba na baƙi ba ne. A gidajen Kambari da Gungawa da Dukkawa ba abin mamaki ba ne a sami wa yana salla, ƙane yana zuwa majami'a, suna gado ɗaya, suna tura kwalekwale ɗaya, suna haɗuwa a bikin Rigata a bakin kogi, kuma ikilisiyar da ta koya wa 'ya'yanta janye jiki daga jana'izar maƙwabci ko gayyar gyaran hanya ta yanke jijiyarta da hannunta. Haka nan hukuma da sarauta suna da hakkin tabbatar da cewa ɗan ƙasa bai sha wahala ba wajen samun fili da takardar izinin gina wurin ibadarsa saboda jama'arsa ba ta da yawa.

Aikin da ya fi gaggawa, wanda kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa, shi ne rubuta tarihin kowace ikilisiya tun masu saninsa suna raye. Rahotannin Turawan UMS suna ajiye a ma'ajiyar ɗariƙarsu a Indiyana, takardun jami'an mulkin mallaka na zamanin da Yauri take ƙarƙashin lardin Kontagora da bayan an mayar da ita lardin Sakkwato suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, amma sunayen masu bishara na farko, da wanda ya ba da filin rumfar farko, da matan da suka ɗebo ruwan kwaɓa laka, da yadda aka yi ƙaura daga tsibiri zuwa tudu, suna cikin kawunan tsofaffi ne da littattafan baftisma da gara take ci a akwatin gidan fasto. Wanda yake ɗan shekara 10 lokacin da ruwa ya taru a 1968 yau ya doshi 70. Ya kamata dattawan kowace ikilisiya a Yauri da Ngaski da Shanga su naɗa matasa biyu ko uku masu wayar hannu, su zauna da waɗannan tsofaffi su naɗi muryarsu cikin harshen da suka fi sakewa da shi, su ɗauki hoton kowane shafi na tsofaffin littattafan, su ajiye kwafi ɗaya a gari, ɗaya a ofishin gunduma.